Ina da ciwon sukari, ko inshorar lafiya za ta karɓe ni?

Tambaya: Malam, na daɗe ina fama da ciwon sukari, kuɗin magani da gwaji sun fara fin ƙarfina. Ina so in shiga inshorar lafiya, amma an ce ba sa karɓar mai tsohon ciwo. Ƙawata ta ce in cike fom kawai, kada in faɗi ciwon. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Don Allah kada ki bi shawarar ƙawarki. Ranar da aka kwantar da ke, kamfanin zai nemi fayil ɗinki daga asibiti. Da ya ga an rubuta miki maganin sukari tun kafin ki shiga, zai iya ƙin biya, ya kuma soke yarjejeniyar, kuɗin da kika zuba duk wata su tafi a banza.

Batun karɓa kuwa, kowace ƙasa da dokarta. A Amurka, wata dokar inshorar lafiya ta 2010 ta hana kamfanoni, tun daga 2014, korar mutum ko ƙara masa kuɗi saboda tsohon ciwo, ban da tsare-tsaren gajeren lokaci. A wurare da yawa babu wannan kariya. Za a karɓe ki amma a cire ciwon daga abin da za a biya, ko a ƙara miki kuɗi, ko a sa miki wa'adin jira na watanni, wani lokaci shekaru, kafin a fara biyan kuɗin ciwon.

Saboda haka ki fara da tsarin gwamnati da na wurin aiki, naki ko na maigidanki, ko na ƙungiyar sana'a. Tsarin da ya haɗa jama'a da yawa galibi ba ya tantance lafiyar mutum ɗaya ɗaya, tunda kuɗin masu lafiya na rufe na marasa lafiya. Shafin intanet na hukumar da ke kula da inshora a ƙasarki zai nuna miki kamfanoni masu lasisi. Ma'aikatan sashen biyan kuɗi na asibitin da kike zuwa su ma sun san wanda ke biya a kan lokaci da wanda ke ja.

Idan takardar yarjejeniyar inshorar ta zo hannunki, tsallake shafin talla, ki nemi inda aka jera abubuwan da ba a biya. Ɗauko kwalayen magungunanki, ki duba sunan kowanne a jerin magungunan da suke biya. Insulin na ciki? Gwajin HbA1c fa, wato wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na 'yan watanni, da duba ido da ƙoda? Waɗannan su ne kuɗin da mai sukari ke kashewa kullum, kuma a nan ne tsari mai arha ya fi yawan yin rowa. Tambayi iyakar abin da suke biya a shekara, da kason da zai fito daga aljihunki, da ko likitanki na cikin waɗanda suke hulɗa da su. Duk abin da wakili ya faɗa da baki, ki ce ya rubuta.

In kuma kina da wata inshora yanzu, kada ki bar ta sai sabuwar ta fara aiki, don sauyi na iya mayar da wa'adin jira farko.