Ku Tambaya: Gem ɗin da na sauke a waya, sata ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina da manhajar PPSSPP a wayata, ina buga God of War da tsofaffin gem ɗin ƙwallo da na sauke kyauta. Abokina ya ce wannan satar fasaha ce, har ma haramun. Ni kuma na ce gem ɗin sun tsufa, in ma ana sayar da su, da dala ne. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta mayar da ni wani ɗan shago a unguwarmu a Kano, talabijin uku a kan benci, PS2 a ƙarƙashi, janareta na kuka a waje, mu kuma muna layi da naira ashirin a hannu domin Winning Eleven. Faifan da ke shagon nan babu na asali ko ɗaya, duk kwafi ne, an rubuta sunan da maka. Ba mu taɓa tambaya ba. Kai da ka tambaya ka fi mu.

Abokinka ya haɗa abu biyu wuri guda. Akwai manhajar da ke sa waya ko kwamfuta ta yi aikin tsohuwar na'ura, wato emuleta irin PPSSPP ɗinka, da PCSX2, da Dolphin. Akwai kuma gem ɗin kansa. Manhajar ba sata ba ce. A shekarar 2000 kamfanin Sony ya sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'arsa da Connectix, wanda ya ƙera manhajar buga gem ɗin PlayStation a kwamfuta. Daga baya ma, da Sony ya fitar da PlayStation Classic a 2018, emuletar da masu sa kai suka rubuta ya sa a ciki. Wanda ya ci da abu ba zai ce abin ƙazanta ne ba.

Rigimar tana kan gem ɗin. A dokance, tsufa irin na waɗannan gem ɗin ba ya cire haƙƙin mallaka, ko a Amurka ko a dokar Najeriya da aka sa wa hannu a 2023. Ta fuskar addini kuwa, ni ba malami ba ne, amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a 1988 cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da ba ya halatta a keta ta. Don haka abokinka bai yi magana a iska ba.

Sai dai ina da ƙorafi a kan kamfanonin, kuma ba ƙarami ba. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 babu su a kasuwa. Ko da kuɗinka a hannu, ba inda za ka saya sabo. Nintendo ya rufe shagonsa na intanet na na'urorin gem ɗinsa 3DS da Wii U a watan Maris na 2023. Sony ya daina ƙera PSP, na'urar gem ɗinsa ta hannu wadda PPSSPP ke kwaikwayo, tun 2014. Na'ura tana mutuwa, faifai yana karcewa, mai abu ya kulle shi a sito ya tafi da mabuɗi. Da ba don matasan da suka zauna suna kwafewa suna adanawa ba, da gem da yawa sun bi ruwa. In kuma kamfani ya ga dama ya dawo da tsoho, kalli farashin. A 2020 Nintendo ya haɗa tsofaffin Mario guda uku, har da na 1996, ya sa musu dala 60, sannan ya janye su daga kasuwa a ƙarshen Maris na 2021 don mutane su yi rububi. Lissafa dala 60 da naira, ka gwada da kuɗin abincinka na wata a makaranta. Wannan farashi ba da kai aka yanka shi ba, ba kuma da ni ba.

To ga inda na ja layi. Gem ɗin da mai shi ya daina sayarwa, ko wanda ka mallaki faifansa ka kwafa don kanka, zuciyata ba ta kai ni in kira ka ɓarawo a kansa ba, ko da yake doka ba ta wanke na farkon ba. Amma wanda ke kan kanta yanzu, mutane sun yi shekaru suna aikinsa suna jiran ladan guminsu, wannan in ka sauke kyauta ka ci haƙƙi. Abin da ya kashe Yuzu, emuletar na'urar Nintendo Switch, ke nan. Nintendo ya ce an sauke sabon gem ɗinsa na Zelda fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ya fito a 2023, ya kai ƙara, a Maris na 2024 masu Yuzu suka amince su biya dala miliyan 2.4 suka rufe. Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun ga lokacin da sabon fim ke fita a Ƙofar Wambai, kafin mako ya zagayo yana cikin kowace waya daga hannun masu tura-tura, furodusa yana kallo jarinsa ya narke.

Su God of War ɗinka na PSP, na 2008 da 2010, ka bincika ko Sony na sayar da su a yanzu ta hanyar da za ka iya biya. In kana da kwamfuta, leƙa shagon gem na intanet mai suna GOG, inda tsofaffin gem kan sauka zuwa dala biyu ko uku lokacin rangwame. Kuma ka kiyayi shafukan da ke ce maka sai ka saka wata manhaja kafin ka sauke, musamman a wayar da bankinka ke ciki.

Ka gaishe min da abokin naka, ka ce ina son jin abin da ke cikin tasa wayar.