Likitan Sassauta Raɗaɗi: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ciwon dajin mahaifiyata ya bazu har ƙashi. An ce mu ga likitan sassauta raɗaɗi. Ke nan an fid da rai da ita? Daga wata baiwar Allah a Kurna.

Amsa: Allah ya ba Hajiya sauƙi. A'a 'yar'uwa, rai na hannun Allah. Aikin wannan likita shi ne hana ciwo ya galabaitar da ita: zogi, amai, haki, rashin barci da gyambon kwanciya. Yana aiki tare da likitan daji, ba sai an daina magani ba. Zai zauna da ku ya yi bayani dalla-dalla, ya koya wa mai jinya yadda za ta riƙa juya Hajiya, ya kuma saurari damuwar ita mai jinyar, domin gajiyarta ma abin dubawa ce. Abin da ke damuna, sai an kai gargara ake neman sa, bayan mara lafiya ya shafe watanni yana kwana zaune. Ku je da wuri.

Tambaya: An rubuta wa yayana mofin. Ba zai zama ɗan ƙwaya ba? Daga Fagge.

Amsa: Na fahimci tsoronka, ganin ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasan Kano. Amma mofin, wato maganin kashe zogi mai ƙarfi, da likita ya auna wa mai tsananin ciwo daban ne, yana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ba shi kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya taso. Yakan ɗaure ciki, don haka a haɗa da maganin sassauta bayan gida. A adana mofin ɗin a kulle.

Tambaya: Ni ɗalibin likitanci ne a Jami'ar Bayero. Wane karatu ake bukata don zama likitan sassauta raɗaɗi?

Amsa: Madalla, ɗana. Ka kammala shekara 6, ka yi shekara 1 ta horo a asibiti, ka samu cikakkiyar rajista da hukumar likitoci ta MDCN. Yawanci daga nan sai a ƙware a likitancin iyali ko sa barci ko cututtukan ciki, sannan a ƙaro horo na musamman. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa na sassauta raɗaɗi a 2007, ana kuma horarwa a ƙasar Uganda, a cibiyar Hospice Africa Uganda, wadda aka kafa a 1993. Tun yanzu, idan malaminka zai gaya wa iyali labari mai nauyi, ka bi shi ka ga yadda yake yi.