Amsa ga Gwaggo a Tudun Wadan Zariya: dalilin da mai mura ba ya shiga ɗakin maijego a wajenmu

Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Kin ce labari ya iso miki cewa mu Hausawan Melbon mun fara mayar da masu barka daga bakin ƙofa, kina tambaya ko zaman Ostareliya ne ya cinye mana zumunci. Ana mayar da wasu, ba zan musa ba. Amma mai tari da mai zazzaɓi kaɗai, kuma shi ma da haƙuri ake sallamarsa.

Abin ya samo asali ne daga 2009. A watan Afrilu sabuwar mura, H1N1, ta ɓulla a Meziko, ranar 11 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba. To mu nan hunturunmu daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da ku kuke tsakiyar damina, sai cutar ta faɗo mana daidai cikin sanyi. Yawancin mutane kwana kaɗan suka yi suka miƙe. Waɗanda ta kayar sosai su ne suka ɗaure wa likitoci kai: matasa majiya ƙarfi, da masu juna biyu, har ana jona musu na'urar numfashi.

Likitocin asibitin Austin da ke nan garin suka auna jinin majinyatan. A jinin ɗan Adam akwai sinadaran garkuwa da ake kira IgG, kashi huɗu ne. Na biyunsu, IgG2, shi ya fi iya kama ƙwayoyin cuta masu kwanso, irin masu kawo ciwon huhu, waɗanda kan biyo bayan mura su ƙarasa ɓarnar. Sai aka tarar mafi yawan waɗanda suka galabaita suna da ƙarancinsa, alhali a cikin masu sauƙi-sauƙi 'yan kaɗan ne. Wasu ma bayan sun warke aka sake aunawa, yana nan ƙasa, alamar dama can haka jininsu yake ba su sani ba. An wallafa sakamakon a 2010. Majinyatan ba su da yawa, kuma alaƙa aka gani, ba a yanke cewa shi kaɗai ne sanadi ba. Ciki ma da kansa yakan rage shi.

Abin da muka riƙe ke nan, Gwaggo: ba a gane mai wannan rauni a fuska. Mace tana dariya tana hidimarta, ki ce ƙarfe ce.

Shi ya sa da Afrilu ta kama za ki ji mata a guruf ɗinmu na WhatsApp suna tambayar juna, “Kin yi allurar bana?” Allurar rigakafin mura ke nan, kowace shekara ake sabunta ta, don ƙwayar murar tana sauya kama. Ga mai ciki kyauta ce, kuma garkuwar da ta samu tana bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan, ta tsare shi a watannin farko, tunda ba a yi wa jariri wannan allurar sai ya cika wata 6.

Suna kuwa yana nan ranar bakwai. Liman ya raɗa, a yanka rago a mayankar halal, a raba nama. Wadda take atishawa ta dama kunun kanwa ta zuba a fulas, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma mota ta kira ta bidiyo a nuna mata jinjirin. Na ga dattijuwar da ta yi haka tana goge ƙwalla da bakin mayafi, tana ta zuba addu'a ta waya. Da ta warke ta dawo ta yini, har da goyo.

Idan iskar hunturu ta taso muku, mai cikin da ke gidanki ta yi zazzaɓi da tari, numfashi ya fara yi mata wuya, kada a tsaya kan citta da lemun tsami. A wuce asibitin Shika a ranar, domin maganin murar, Tamiflu, ya fi aiki cikin awa 48 na farko.

A gaida mutan gida.