Jif ko A-kori-kura: Amsoshi ga Manoma Masu Niyyar Sayen Mota

Da zarar kaka ta yi, aka kai amfanin gona kasuwa, kuɗi suka shigo hannu, tambayoyin da manoma ke aikowa sukan karkata daga batun iri da taki zuwa batun sayen mota. Mafi yawansu suna tsakanin abu biyu ne, wato jif wadda za ta ɗauki iyali ta kuma shiga gona, da a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya irin su Hilux. Ga amsoshin wasu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Ina noman masara da waken soya a yankin Saminaka, kuma gonata tana da nisa da kwalta, hanyar ma takan lalace da damina. Iyalina sun fi son in sayi jif saboda zuwa biki da asibiti, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da Hilux. Wacce ta fi dacewa da ni?

Amsa: Alhaji, kafin ka je wurin dillalan mota, ka zauna da takarda da biro ka rubuta abin da motar za ta riƙa ɗauka daga sharar gona har zuwa kai amfani rumbu, domin nauyin kaya da yanayin hanya su ne ya kamata su zaɓa maka mota. Buhun taki, ko NPK ne ko yuriya, kilo 50 ne, buhun masara kuwa yakan kai kilo 100. A-kori-kura irin Hilux an ƙera ta ne don ta ɗauki kusan tan ɗaya, wato buhun taki 20 ko buhun masara 10, kuma a cikin wannan lissafi har da nauyin direba da duk wanda ya shiga motar. Jif kuwa abin da aka yarje mata galibi bai wuce kilo 500 zuwa 700 ba, saboda haka idan manya biyar suka zauna a ciki, abin da ya rage na kaya bai fi buhun masara biyu ko uku ba. Idan ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, a motoci da yawa, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, za ka ga wata 'yar takarda a manne mai nuna iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. Mutane kaɗan ne ke karanta ta, alhali ta fi maganar kowane dillali amfani.

Bambancin ya samo asali ne daga ƙirar motocin. A-kori-kura tana zaune a kan shasi na ƙarfe mai zaman kansa, kuma ƙafafunta na baya suna kan sifirin mai ganye-ganye wanda yake jure lodi, shi ya sa idan babu kaya a bayanta take tsalle a hanyar burji, idan kuma aka ɗora mata buhu biyar sai ta natsu. Yawancin jif ɗin da suka cika kasuwanninmu, irin su Highlander da RAV4 da CR-V, jikinsu da shasinsu a haɗe suke, sifirinsu kuma mai naɗi ne mai laushi don jin daɗin fasinja. Idan aka mayar da irin wannan mota ta dakon hatsi, bayanta zai zauna, cikinta ya riƙa gugar ƙasa a kowane kwazazzabo, kuma ba za a daɗe ba a fara zaryar gareji. Akwai jif masu shasi irin na a-kori-kura, kamar Prado da Fortuner, waɗanda suke jure mummunar hanya sosai, amma kuɗinsu ya fi yawa, kuma har yanzu ba su da wurin zuba kaya.

Game da hanyar damina, ka lura cewa ba kowace Hilux ce ƙafafunta huɗu ke ja ba. Akwai mai jan ƙafafun baya kawai, kuma irin wannan idan ba ta da kaya takan kafe a taɓo cikin sauƙi saboda bayanta ba shi da nauyin da zai danne tayoyin. Tunda gonarka tana nesa da kwalta, kuma lokacin da ka fi buƙatar kai taki shi ne watan Yuni zuwa Agusta da ƙasa ke jiƙe, ka nemi mai jan ƙafa huɗu wadda take da ƙaramar giyar fita daga laka, ka kuma gwada giyar da kanka a kan ƙasa kafin ka biya kuɗi.

Buƙatar iyalinka gaskiya ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba, musamman zuwa asibiti da dare. Ra'ayina shi ne ka sayi a-kori-kura mai ƙofa huɗu, wadda take ɗaukar mutum biyar a ciki tana kuma da bodi a baya. Sai dai ka sani cewa bodinta gajere ne, kusan mita ɗaya da rabi, alhali na mai ƙofa biyu ya haura mita biyu, don haka kwasar masara daga gona gaba ɗaya za ta fi sauƙi idan ka ɗauki hayar Kanta na kwana biyu ko uku da kaka, ka bar taka motar ga zirga-zirgar yau da kullum.

Tambaya: Ni manomin rani ne a Kadawa, ina noman tumatir da albasa. Ina da tsohuwar jif, kuma nakan kwantar da kujerun baya in zuba taki da maganin feshi da jarkokin fetur na injin ban ruwa. Akwai laifi a hakan?

Amsa: Malam, akwai haɗari babba, kuma ina roƙonka ka daina tun daga yau. A cikin jif babu shamaki tsakanin direba da kaya, iskar da kuke shaƙa ɗaya ce da wadda ke fitowa daga jarkar fetur da robar magani. Maganin ciyawa irin paraquat da magungunan kashe ƙwari idan suka zube a kan kafet ɗin mota suna shiga ciki ne su zauna, wanki ba ya fitar da su gaba ɗaya, sannan gobe a ɗauki yara zuwa makaranta a wannan motar. Wanda ya fi duka muni shi ne ƙwayar da ake sakawa a buhun wake ko masara don kashe ƙwari a ma'aji, wato irin Phostoxin, domin da ta haɗu da danshin iska take sakin gubar da ke kashe mutum a rufaffen wuri. Wannan ƙwaya, da buhunan da aka saka wa ita kwanan nan, kada su shiga inda mutum yake zaune ko kaɗan. Tururin fetur kuma a cikin motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Ko da an ajiye batun guba, takin zamani yana cin ƙarfe. Yuriya tana jan danshi, idan ta zube a ƙarƙashin kafet za ta riƙa cin kwanon motar a ɓoye har sai ya ɓule. A bayan a-kori-kura ma tana yin wannan ɓarna, amma a can kana ganinta, ka share ka wanke da ruwa a ranar.

Idan ba ka da halin canza mota yanzu, ka sa maƙeri ya haɗa maka 'yar ƙaramar tirela mai ƙafa biyu da za a ɗaura a bayan jif ɗin, taki da magani da fetur su koma can, a rufe su da tamfol a ɗaure da kyau. Ka tabbata maɗaurin an kafe shi a jikin ƙarfen motar mai ƙarfi, kuma tirelar tana da fitilun baya. Tumatir ɗin da kake kaiwa kasuwar Kwanar Gafan ko ta 'Yan Kaba shi ma ya fi son buɗaɗɗiyar mota da iska ke ratsawa, a cikin kiret na roba da ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, kuma a yi tafiyar da asuba kafin rana ta yi zafi.

Tambaya: Ni mace ce, ina kiwon kajin ƙwai a bayan garin Zariya, kuma ni nake kai ƙwai shaguna da kaina. Kowa yana ce mini manomi sai da a-kori-kura. Haka ne?

Amsa: Hajiya, a naki aikin maganar ba haka take ba kai tsaye. Ƙwai da 'yan tsaki su ne kayan da suka fi jin daɗin jif, saboda laushin sifirinta yana rage fashewa, kuma rufinta yana kare su daga rana da ruwan sama. Kiret ɗin ƙwai mai guda 30 bai fi kilo biyu ba, don haka ko kin jera kiret 100 ba ki kusanci iyakar nauyin motar ba. Abin da jif ba za ta yi miki ba shi ne ɗaukar abincin kaji mai yawa, da ɓuntun shinkafa ko dusar katako ta shimfiɗa, da kwashe kashin kaji. Waɗannan kuwa ba kullum ake yin su ba, kuma masu sayar da abincin sukan kawo har gona idan an sayi da yawa, masu sayen kashin kaji ma da motarsu suke zuwa. Hasali ma raba motar ƙwai da motar kashi yana taimaka wa lafiyar kajinki, domin cututtuka irin su murar tsuntsaye suna bin tayoyi da bodin mota daga gona zuwa gona. Idan dai ba kina jigilar ruwa ba ne, ki zaɓi jif ko ma mota mai dogon baya. Idan kuwa ruwa kike ɗauka, ki tuna cewa kowace lita kilo ɗaya ce, tanki mai lita 1,000 tan guda ne cif, kuma idan bai cika ba ruwan yakan yi tangaɗi ya ja motar a kan kwana.

Tambaya: Na yanke shawarar sayen a-kori-kura ta hannu. Mai dizal zan nema ko mai fetur, kuma me zan duba?

Amsa: Injin dizal ya fi ƙarfin ja idan an yi lodi, kuma ya fi tsimin mai a doguwar tafiya, amma na zamani ba ya haƙuri da gurɓataccen mai. Dizal ɗin da aka saya a jarka a bakin hanya, wanda ruwa ko ƙasa ta shiga, yana iya lalata nozul da famfon mai, gyaransu kuma yana da tsada ƙwarai, kuma ba kowane bakanike ne yake da na'urar aikin ba. Hilux mai injin fetur na lita 2.7 ta fi shan mai, abin da ya zama dole a lissafa tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, amma kusan kowane gari akwai wanda ya san ta, kayan gyaranta kuma suna samuwa. Ka tambayi bakaniken da ya fi kusa da gonarka wace mota yake iya gyarawa, domin wanda zai zo maka idan ta mutu a daji shi ne abin dogaro. Abin da ya sa Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka yi shekaru suna hidima a ƙauyukan Arewa ke nan, domin tun da aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 kayan gyara da masu gyara suka wadata ko'ina.

Wajen dubawa, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka sa a hau da motar kan rami, ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka bi shasin tun daga gaba har baya kana neman tsatsa da alamar walda, musamman daidai inda kan motar ya haɗu da bodi, domin nan ne yake tsagewa idan an saba yi mata lodin da ya wuce kima. Ka ƙirga ganyen sifirin na dama da na hagu, ka ga ko akwai karyayye ko wanda aka ƙara. Motar da aka shigo da ita daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara takan zo da tsatsa a ciki ko da samanta yana ƙyalli. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1522 yana nufin mako na 15 na shekarar 2022, kuma ka nemi taya mai ɗaukar kaya, ba ta ƙaramar mota ba. Daga ƙarshe ka gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardun kwastan, harafi da harafi, kafin kuɗi su bar hannunka.

Tambaya: Gonata kadada biyu ce kacal, amma bana na samu riba mai kyau. In sayi a-kori-kura?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara albarka, amma ban ba ka shawarar haka ba a yanzu. Gona mai wannan girma ba ta buƙatar mota fiye da 'yan kwanaki a shekara, wato ranar kai taki, da ranakun girbi, da ranar kasuwa, alhali mota tana cin kuɗin takardu da inshora da batir da taya ko tana tafiya ko tana ajiye. Ka lissafa abin da ka biya na haya a bara gaba ɗaya, ka gwada shi da waɗannan kuɗaɗe, za ka ga haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kana son abin hawa na kanka, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ko ƙaramar a-kori-kura irin Hijet, wadda aka ƙera don ɗaukar kilo 350, za ta ishe ka kai taki da kwaso kayan lambu, kuma za ka iya yi wa maƙwabta dako a ranakun kasuwa ta riƙa ciyar da kanta. Ragowar kuɗin ka sa su a rijiyar burtsatse da injin ban ruwa don noman rani, ko ka gina ma'aji mai kyau da zai ba ka damar riƙe hatsinka daga kaka zuwa bazara lokacin da farashi yakan ɗaga.