Wanda aka haifa makaho, in idonsa ya buɗe zai gane abin da ya sani da hannu?

Tambaya: Malam, an yi wa kakata aikin yanar ido, ana cire bandeji ta gane kowa a ɗakin. Shi ne nake ta tunani, wanda aka haifa makaho fa? In ya san ƙwallo da hannu, ranar da aka buɗe masa ido zai iya nuna ta da kallo kawai, kafin ya taɓa?

Amsa: Allah ya ƙara wa kaka lafiya. Ita ta shekara da shekaru tana gani kafin yanar ta zo, idonta ya riga ya koyi aikinsa, don haka batunta daban ne. Tambayarki kuwa, Malama, ta fi shekara 300 ana kai ruwa rana a kanta.

Wani masani ɗan Dublin a ƙasar Ayalan, William Molyneux, wanda matarsa ta makance jim kaɗan bayan aurensu, shi ya aika wa John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, da ita a 1688. Bai samu amsa ba, ya sake aikawa a 1693. Ya ce a ɗora ƙwallo da wani dunƙule mai siffar Maggi a kan tebur, girmansu ɗaya, gaban mutumin da ya san bambancinsu da hannu. Locke ya sa tambayar a bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a 1694, kuma su biyun suka ce ba zai gane ba. Hujjarsu ita ce hannu ya san yadda kusurwa take sukar tafi, amma babu abin da ya taɓa gaya wa ido cewa wannan sukar ga kamanninta.

Leibniz, masanin falsafa na Jamus, bai yarda ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Ya ce in an gaya wa mutumin cewa abubuwan nan biyu ne a gabansa, hankali zai fitar da shi: ɗaya yana da kusurwa takwas, ɗayan ko'ina ɗaya yake. Siffa a wurinsa abar hankali ce, ido da hannu ƙofofi ne kawai. George Berkeley kuma, wani masanin falsafa ɗan Ayalan, a 1709, ya zarce Locke. Ya ce abin da ido yake samu haske ne da launi, abin da hannu yake samu tauri ne da nisa, kuma babu dangin iya babu na baba tsakaninsu. Sabo ne ya haɗa su, kamar yadda muka saba haɗa kalmar “ruwa” da abin da muke sha alhali ba su yi kama ba.

A 1728 wani likitan tiyata a Landan, William Cheselden, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 13 ko 14 da ya taso makaho, wanda ya yi wa aikin yana. Yaron ya ɗauka duk abin da yake gani yana taɓa idonsa ne. Ya riƙa rikita kyanwa da kare, sai da ya kama kyanwar ya shafa ta yana ƙare mata kallo. Magoya bayan Berkeley suka yi ta murna, amma Diderot, masanin falsafa na Faransa, ya ja hankali a 1749 cewa idon da aka gama yi wa aiki bai gama warwarewa ba, wataƙila yaron bai ma iya ganin siffar sosai ba tukuna.

Wannan gibin ne binciken Project Prakash, wani shirin yi wa yara makafi aikin ido a Indiya, ya toshe a 2011. An gwada yara biyar da aka haifa makafi cikin kwana biyu da yi musu aiki. Da ido kaɗai suna iya bambance siffofi biyu kusan ba kuskure, wato suna gani. Amma in aka ba su abu su taɓa a ɓoye, aka ce su nuna shi da ido cikin abubuwa biyu, sai su dace kusan kashi 58 cikin 100, wanda bai fi cinke ba da yawa. Waɗanda aka sake gwadawa bayan 'yan kwanaki sun riga sun iya.

To amsarki a ranar farko ita ce a'a, Locke ya yi gaskiya. Sai dai ni saurin koyon nan ya sa ban bi Berkeley har ƙarshe ba. Da babu wata alaƙa ko kaɗan tsakanin gani da taɓawa, da wuya yaro ya haɗa su a cikin mako guda.