Shiga Ingila da bizar ziyara don neman aiki

Malam, ka tambaya ko za ka iya shiga Ingila da bizar ziyara, in ka samu aiki ka sauya ta zuwa bizar aiki. Ba zai yiwu ba, domin bizar ziyara, wadda yawanci ta wata 6 ce, ba ta ba da izinin aiki, kuma ba a sauya ta a can.

Sharaɗin samun bizar aiki shi ne kamfani mai lasisin gwamnatin Birtaniya ya ɗauke ka tun kana Zariya, ya ba ka takardar ɗaukar nauyi, sannan ka ci jarrabawar Turanci, ka yi gwajin tarin fuka. Na ga waɗanda suka sayar da fili suka ba dillalai kuɗi a banza, don haka ka duba sunan kamfanin a jerin da gwamnatin ta wallafa a intanet kafin ka biya ko kwabo.