Tambaya da Amsa: Yadda Northwestern ta cinye gasar Big Ten a 1995

Tambaya: Malam, na fara bibiyar ƙwallon Amurka na jami'o'i, sai na ji ana cewa jami'ar Northwestern ta zama zakarar Big Ten a 1995 ba tare da ta buga wasan ƙarshe ba, kuma ko karawa ba ta yi da Ohio State ba. Ta yaya aka yi haka? Ba sa'a ce kawai ta taimake su ba?

Amsa: Malam, abin da ka ji haka yake. A wancan lokacin jami'o'i 11 ne a rukunin Big Ten, duk da goman da ke cikin sunan, tun bayan shigowar Penn State. Kowace ƙungiya wasa 8 take yi a cikin rukunin, ka ga dole akwai biyu da ba za ta haɗu da su ba. Wasan ƙarshe na fitar da zakara kuwa sai a 2011 aka fara shi. Kafin nan wanda ya fi cin wasa shi ne zakara. Northwestern ta ci duka 8 ɗin nata, Ohio State kuma ba ta faɗo cikin jadawalinta ba.

Abin da ya sa har yau ake zancen kakar nan shi ne inda suka fito. Northwestern tana garin Evanston kusa da Chicago, a lokacin ita kaɗai ce jami'a mai zaman kanta a rukunin, kuma da karatu aka san ta. Tsakanin 1979 da 1982 an ci su sau 34 a jere. Rabonsu da kambun Big Ten tun 1936, rabonsu da su gama kaka cinsu ya fi faɗuwarsu tun 1971. Da kocinsu Gary Barnett ya zo ya yi alkawarin kai su Pasadena, inda ake buga Rose Bowl, babban wasan bayan kaka da zakarar Big Ten ke zuwa a lokacin, mutane da yawa dariya suka yi.

Wasansu na farko a 1995 suka bi Notre Dame har gida suka ci ta 17 da 15. Wasa na gaba kuma suka yi abin kunya: suna gaban Miami ta jihar Ohio da 28 da 7, suka bari aka farke, aka tashi 30 da 28. Da yake Miami ba 'yar rukunin ba ce, faɗuwar ba ta shiga lissafin Big Ten ba. Daga nan ba su sake faɗuwa ba har ƙarshen zagayen: sun ci Michigan 19 da 13 a filinta na Ann Arbor, Penn State 21 da 10. Salonsu babu ƙawa. A miƙa wa Darnell Autry ƙwallo ya yi ta kutsawa yana cin fili, masu tsaron baya ƙarƙashin jagorancin ɗan wasa Pat Fitzgerald su hana abokin karawa sakat. Autry ya zo na huɗu a zaɓen kyautar Heisman ta shekarar, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'i.

Sa'a kuwa akwai ta. Northwestern ta gama wasanninta ta zauna jira, Ohio State kuma ba a taɓa cin ta ba duk kakar. Da ta ci wasanta na ƙarshe, da raba kambun za a yi. Ranar 25 ga Nuwamba Michigan ta doke ta 31 da 23, inda ɗan wasan Michigan Tim Biakabutuka, haifaffen Kinshasa, ya gudu yadi 313 shi kaɗai. Wannan ya bar wa Northwestern kambun ita kaɗai. Amma a ganina wanda ya ci Notre Dame da Michigan a gidajensu, ya haɗa da Penn State, duk a kaka ɗaya, ba za a ce tsintuwa ya yi ba.

A Rose Bowl, ranar 1 ga Janairun 1996, sun shiga babu Fitzgerald, wanda ya karye a ƙafa a wasansu da Iowa. Jami'ar Southern California (USC) ta ci su 41 da 32, ɗan wasanta Keyshawn Johnson ya wahalar da su matuƙa. Suka rufe kakar da ci 10, faɗuwa 2.